Babur ɗin da ke takarda da wanda ke kan hanya: nazarin wani lamari daga yankin Taura

Ranar Lahadi ce, kasuwar Gujungu tana ci, aka kira ni da hantsi aka ce Yaya ya faɗi da babur. Kafin in isa wurin an riga an wuce da shi asibiti da karaya a kafaɗa. Babur ɗin na tarar, wasu bayin Allah sun ciro shi daga bakin kwalbati sun jingine shi a jikin darbejiya. Ƙafar gaba ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin tanki, tankin ya loɓa kamar gwangwanin da aka taka, baƙin mai yana ɗiga daga gindin inji. Buhu ɗaya ya fashe, wasu mata biyu sun durƙusa suna tattara riɗi daga cikin yashi da tafin hannu suna zubawa a zani. Da na ji cewa yana magana kuma yana gane mutane, sai hankalina ya kwanta, na tuna babur ɗin nan yana da cikakkiyar inshora. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ko ba komai ƙarfen zai dawo.

Wata huɗu muka yi kafin mu ga kuɗi, abin da aka biya kuwa bai kai rabin kuɗin gyara ba. Ni malamin firamare ne, ni na karanta kowace takarda da ta shigo a kan maganar, ni na rubuta kowace amsa. Ba zan kama sunan kamfani ko banki ko wani mutum ba, don ba tonon silili ne ya kawo ni ba. Abin da ya same mu yana jiran duk wanda ya kai babur wajen mai walda bai sanar da masu inshorarsa ba, kuma a ƙauyukanmu kusan kowa ne.

Yaya ɗan wan mahaifina ne, manomin gero da dawa da riɗi, da rani kuma yana ɗan taɓa fatauci. A farkon 2023 ƙungiyarmu ta manoma ta samu wani tsari da wani ƙaramin banki: banki ya sayi babur, ya sayar maka da riba sananniya, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Yaya ya karɓi Boxer sabo fil, kuɗinsa a lokacin naira 520,000. Sharaɗin banki shi ne sai an yi masa cikakkiyar inshora, kuma da yake mutanenmu da yawa suna ƙyamar inshorar da aka saba, sai aka kawo ta takaful, wadda kowa ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a taimaki wanda asara ta faɗa wa.

Akwai bambancin da ya kamata a riƙe tun daga nan. Takardar da jami'an hanya suke tambaya ita ce ƙaramar inshora, ta ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta. Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta yanke kuɗinta ga babur naira 3,000 a shekara daga 1 ga Janairu 2023, kuma a lokacin tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan ɗaya. Babur ɗinka kai ba ya ciki. Cikakkiyar ita ce mai ɗaukar babur ɗin kansa idan ya yi hatsari, ko ya ƙone, ko aka sace shi, kuma hukumar ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar abin hawan ba. Shi ya sa Yaya ya biya naira 26,000.

Ranar cike fom ina wurin. A rumfar makarantarmu aka yi, bayan an tashi yara. Wakilin kamfani ya zo da damin takardu da Turanci, mutum ashirin da ɗaya suna jiransa, shi kuma yana so ya koma Kano kafin magariba. Yana tambayar suna, da gari, da lambar waya, yana kwafe lambar inji da ta bodi daga rasit, sauran gurabun kuma yana cikewa da kansa. Yaya ya sa hannu da ajami. Tambayoyi biyu ne a fom ɗin suka zo suka zame mana ƙaya daga baya. Ɗaya tana cewa me za a yi da babur ɗin, aka rubuta amfanin kai. Ɗayar tana cewa an yi masa wani canji ko ƙari bayan yadda ya fito daga masana'anta, aka rubuta babu. A ranar dai babu ɗin gaskiya ce, ko ledar sirdi ba a cire ba.

Ba ta daɗe tana gaskiya ba. Babur a wajenmu ba abin ado ba ne, jakin gida ne. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013 mutanen birni suka koma kallon babur a matsayin abin zuwa ofis, amma a nan shi ke kai taki gona, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai akuya Maigatari ranar Alhamis. Sati biyu da karɓa Yaya ya kai shi wajen mai walda, aka cire kariyar da ya zo da ita aka ƙera wata da rodi, mai faɗi, wadda ta zarce ƙarshen tayar baya da fiye da taƙi ɗaya. Da ya ga baya yana zama idan an yi lodi, sai bakanike ya ƙara masa shokozoba biyu, suka zama huɗu. Aka ɗaura fitilu biyu masu farin haske saboda tafiyar asuba, da ƙarfen kare gwiwa, da ƙaramar rediyo mai kati wadda yake jin karatu da ita. Da muka haɗa lissafi daga baya, kayan nan sun ci naira 95,000.

Sai aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023. Kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa, biyan banki kuwa ba ya jira. Daga nan Yaya ya fara ɗaukar kayan mutane ranar kasuwa ana ba shi wani abu. Bai taɓa kiran kansa ɗan acaɓa ba, ba ya tsayawa a tasha, ba ya cikin ƙungiyarsu. Amma yana ɗauka.

A farkon 2024 aka sabunta inshorar ta waya. Takardar sabuntawar tana da layi ɗaya a ƙasa, da ƙananan haruffa, mai cewa a sanar da kamfani duk wani canji da aka samu. Na karanta takardar nan da idona, na duba suna da lamba da kwanan wata, ban tsaya a kan layin ba. Wannan sakacin nawa ne, kuma har yau yana damuna.

Da daminar shekarar ruwa ya cika wani kwari a hanyarmu, Yaya ya ratsa, inji ya sha ruwa ya buga. Gyaransa ya kusa kuɗin wani, sai suka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da bakanike suka sayo inji na hannu, da rasit ɗinsa. Bakaniken ne, Allah ya saka masa, ya ce masa: «Maigida, lambar injin nan fa ba ita ce a takardunka ba. Ka gaya wa mutanen nan tun kafin wani ya tare ka a hanya ya ce na sata ne.» Yaya ya aika wa wakilin saƙon murya ta WhatsApp, ya karanto masa sabuwar lambar, ya haɗa da hoton rasit. Wakilin ya amsa da murya shi ma, ya ce ba matsala, zai gyara. Bai gyara ba.

Hatsarin ya faru ne da kaka. Buhu biyu na riɗi ne a baya. Wani maraƙi ya ɓalle daga garke ya faɗo titi, Yaya ya taka birki ya kauce, babur ya ƙi tsayawa inda ya so, ya tafi da shi bakin kwalbati.

Bayan kwana goma kamfani ya turo mai kimanta ɓarna, wani matashi mai natsuwa. Na tsaya a kansa har ya gama. Ya tsuguna ya goge gindin inji da tsumma, ya haska da fitilar waya, ya karanta lambar sau biyu, ya dubi takardarsa, bai ce komai ba. Ya fito da tef ya auna kariya tsawo da faɗi. Ya ƙirga shokozoba da yatsa. Sannan ya shiga zaure inda Yaya yake zaune hannu a rataye, ya gaishe shi ya yi masa jaje, ya ce: «Baba, ranar kayan wa ka ɗauko?»

Tun daren da ya gabata wani daga cikin dangi ya ja Yaya gefe ya ce idan an tambaye shi ya ce duk nasa ne, wa zai bincika. Yaya ya dubi yaron ya ce: «Buhu ɗaya nawa ne. Ɗayan na matar marigayi maƙwabcina ne, ta ba ni dubu ɗaya kuɗin mai.» Yaron ya ce, dama kana ɗaukar wa mutane kaya ana biyanka? Ya ce ranar kasuwa yakan ɗauka. Aka rubuta.

Wasiƙar kamfani ta zo bayan sati uku, ta ce ba za su biya ba, bisa dalili uku: injin da ke jikin babur ba shi ne wanda suka yi wa inshora ba, an yi wa babur canje-canjen da ba a sanar da su ba, kuma ana haya da shi alhali an rubuta amfanin kai.

Na kai wasiƙar wajen wani abokin karatuna lauya a Dutse. Shi ya buɗe mini Dokar Inshora ta 2003, wadda ita ke aiki a lokacin, kafin sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta maye gurbinta. Ya ce kada in ɗauki dalilan nan uku a dunƙule, kowane da nauyinsa.

Maganar inji ta fi sauƙi, duk da ita ta fi ba mu tsoro. Sashe na 54 na dokar ya ce abin da mai inshora ya bayyana wa wakili, ana ɗaukarsa kamar ya bayyana wa kamfanin ne, muddin wakilin yana cikin hurumin aikinsa. Saƙon muryar nan yana nan a wayar Yaya, da ranarsa, da amsar wakilin. Allah ya sa ba a goge ba, don yaran gida sukan share saƙonni idan waya ta cika. Da muka tura musu, kamfanin bai sake tayar da maganar inji ba. Amma sashen nan ɗin dai yana da wani kaifi da ya juyo kanmu: wakilin da ya taya ka cike fom, a wannan aikin ana lissafa shi wakilinka ne kai, ba na kamfani ba. Wato amfanin kai ɗin da aka rubuta a rumfar makaranta ba tare da an tambayi Yaya ba, a idon doka Yaya ne ya rubuta. Wannan ya yi mini ciwo. Mutumin da bai iya karanta fom ba, aka cike masa cikin gaggawa, shi ne kuma zai ɗauki nauyin kowace kalma. An buga gargaɗin a jikin fom ɗin, gaskiya ne, amma da harshen da mutum biyu kaɗai cikin ashirin da ɗaya suke ji.

A kan kayan ƙari na fi daɗewa ina tunani, domin abubuwa biyu ne aka cakuɗa. Akwai ƙarin da ke ƙara wa babur daraja kawai, kamar fitilu da rediyo da ƙarfen gwiwa. Waɗannan ba su jawo hatsari ba, rashin faɗarsu kuma ba ya ɓata yarjejeniya. Illa dai ba a biya musu gudummawa ba, don haka ba sa cikin abin da asusu zai ɗauka. Naira 26,000 ɗin nan kuɗin babur ne yadda ya fito daga shago. Da an lissafa kayan an ƙara kashi 5 cikin 100 nasu, naira 4,750 ke nan, da sun shiga. Wannan ban yi musu a kai ba.

Akwai kuma ƙarin da ke canja yadda babur yake tafiya, kuma a nan kariya da shokozoba suka faɗo. Na so in ce kamfani neman hanyar gudu yake yi, amma da na zauna da bakaniken ya yi mini bayani, sai jikina ya yi sanyi. Idan kariya ta zarce tayar baya, nauyin kaya yana komawa bayan gindin taya, gaban babur ya yi sakayau, kan ya riƙa rawa a hannu. Shokozoba huɗu ba sa ƙara wa babur ƙarfin tsayawa, hana shi zama kawai suke yi, sai mutum ya ga kamar zai iya ƙara lodi. Birkin kuwa shi ne dai wanda masana'anta ta sa, na cikin wili gaba da baya, wanda aka yi don nauyin da bai kai haka ba. Duk wanda ya taɓa taka birki da buhu biyu a baya ya san babur sai ya ƙara tafiya kafin ya saurare shi. Da maraƙin nan ya fito wa Yaya ba kaya, wataƙila da ya tsaya. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan sashe na 55 ya shigo. Ya ce saɓa wani sharaɗi ba ya zama hujjar kamfani sai sharaɗin yana da nauyi kuma yana da alaƙa da hatsarin ko asarar da aka yi wa inshora. Ya ce kuma kamfani ba zai yi watsi da neman diyya ba sai idan saɓawar ta kai zamba, ko ta taɓa ginshiƙin yarjejeniyar. Idan ba ta kai haka ba, zai biya gwargwadon asarar da za a yi da ba a saɓa ba. Mu muka tsaya a kan cewa babu zamba: mutumin da ya kira wakili da kansa ya karanto lambar inji, wanda kuma ya faɗi gaskiyar buhun maƙwabciya alhali yana iya ɓoyewa, ba mai niyyar cuta ba ne. Su kuma suka tsaya a kan cewa kariyar tana da hannu a faɗuwar. Kowa da gaskiyarsa.

Maganar haya ce ta fi taɓa ni, domin a nan takardarsu da rayuwarmu suka saɓa. A fom gurbi biyu ne, ko amfanin kai ko haya. A ƙauye akwai wani abu a tsakani mai faɗin gaske. Gwauruwa ta ce ka kai mata buhu kasuwa, ta miƙo maka dubu ɗaya ta ce ga kuɗin mai, in ka ƙi karɓa ta ji kunyar sake roƙonka. Wannan zumunci ne, ba wanda zai kira shi haya a garinmu. Na rubuta musu haka dalla-dalla, na ce dubu ɗaya a lokacin da ƙyar take sayen lita guda. Amma ba zan iya musun cewa a wasu ranakun Yaya yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa da ciniki ba, shi da bakinsa ya faɗa. Babur ɗin da ke zirga-zirga da lodi kowace Lahadi da Alhamis ya fi wanda ke kai mutum masallaci da gona fuskantar hatsari, gudummawarsa ma ta fi yawa. A tsarin takaful kuwa kuɗin da za a biya ba na wani attajiri ba ne, na sauran masu zubi ne. Wannan hujjar tasu na kasa ture ta.

Muka rubuta cewa idan ba a duba ba za mu kai ƙara sashen karɓar koke na NAICOM. Ba mu kai ga haka ba, suka kira mu ofishinsu a Kano. Yaya ya sa babbar riga a kan hannun da bai gama warkewa ba, muka shiga mota tun asuba. Lissafin da aka yi a gabanmu shi ne: kuɗin gyara gaba ɗaya naira 385,000. Aka cire 95,000 na kayan ƙari, saura 290,000. Aka cire kashi 10 cikin 100, kason da yarjejeniya ta ce mai babur ne zai ɗauka a kowace asara, saura 261,000. Sannan aka yi ta ja-in-ja a kan kariya da haya, har aka daidaita a naira 180,000. Kuɗin asibiti dama ba ya ciki, dangi ne suka haɗa. Ragowar kuɗin gyara Yaya ya sayar da tunkiya biyu da buhun riɗin da ya tsira.

Wani abu da ma'aikacin ofishin ya nuna mana a ranar ya fi duk wannan tayar mini da hankali. Ƙimar da ke takarda har lokacin 520,000 ce, alhali sabon Boxer ya haura miliyan. Da sace babur ɗin aka yi, ba faɗuwa ba, abin da za a ba shi ba zai wuce wancan tsohon kuɗin ba, ko rabin sabo ba zai saya ba. Sabuntawa ta waya ta wuce ba wanda ya ce a sake duba ƙima.

Da muka dawo na roƙi shugaban ƙungiya ya tara duk waɗanda suka karɓi babur tare da Yaya. A filin makaranta aka jera su. Cikin ashirin da ɗaya, biyu ne kaɗai suke yadda suka zo, su ma na dattawa ne da ba sa nisa. Uku an canja musu inji, ɗaya babu ko rasit. Muka ɗauki hoton kowane babur gaba da baya da gefe biyu, da hoton lambar inji, na rubuta wa kowa jerin abin da ya ƙara da kuɗinsa, da ainihin aikin da yake yi da babur ɗin, na karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu. Muka aika ofis kai tsaye, kwafi ga wakili, muka ce ba mu yarda da ba matsala ta baki ba, kowa a ba shi takardar gyara mai hatimi.

Ba duka abin ya yi daɗi ba. Waɗanda suka rubuta ɗaukar kaya an ƙara musu gudummawa, wasu suka ji haushina suka ce ni na tono musu. Mutum shida da suka gama biyan banki suka ce sun haƙura da cikakkiyar, suka koma ta naira 3,000, musamman da 'yan sanda suka fara matsa tambayarta daga Fabrairu 2025. Ban ga laifinsu ba, kuɗi ne babu. Mai injin da ba rasit kuwa kamfani ya ce ba zai ɗauke shi ba sai ya kawo shaidar inda ya saya.

Yaya shi ya zauna a ciki. Sharaɗin da suka sa masa shi ne a rage kariya ta dawo daidai ƙarshen taya. Na raka shi wajen mai waldar da ya ƙera ta tun farko, wanda ya yi ta mita yana cewa aikin banza ne a yanke ƙarfe mai kyau. Yaya ya ce masa: «Yanke dai, ɗana, buhu ɗaya da rabi ma kaya ne.» Aka yanke, aka goge bakin, muka ɗauki hoto da tef a jiki muka tura. Bayan sati biyu takardar gyara ta iso, da sabuwar lambar inji, da shokozoba huɗu, da fitilu, har da rediyon. Na karanta masa ita layi-layi a zaure, ya sa na maimaita lambar injin yana bi da yatsa a kan rasit, sannan ya naɗe ta a leda ya sa a ƙarƙashin sirdi.